Daɓen da Ya Mayar da Ni Maigadi a Gidana

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Bici kafin siminti ya gama gari ya san yadda ake daɓe. Gayya ake yi. A baza tsakuwa, a yayyafa ruwa, matan unguwa su hallara kowacce da madaɓinta, ana bugu ana waƙa, ana ta kai-kawo da ƙwaryar fura. In an gama a bi shi da ruwan makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ya yi ja ya yi ƙarfi. Gwargwadon yawan matan da suka shigo ɗakin, gwargwadon kyan daɓen. To ni sai na je na jajibo wani daɓe wanda sharaɗinsa na farko shi ne kada kowa ya shigo, na kuma kawo shi gidan da ba a rufe ƙofarsa sai bayan isha'i.

Mota ce ta ja. Da na ajiye alli aka ba ni kuɗin sallama, na sayi wata 'yar Kwatano, na sa birkilan unguwarmu ya gina mata gareji a gefen zaure. Ana nan sai na kai ziyara gidan wani tsohon ɗalibina a Nasarawa cikin Kano. Ya biyo da ni ta wani ɗaki mai ƙasa shuɗiya tana walƙiya kamar tiren shayin amarya, na tsaya a bakin ƙofa na tuɓe takalmi na yi sallama. Ya ce, "Malam, ai nan gareji ne." Efoksi ake ce wa abin. Kafin in baro gidan na karɓi lambar mai aikin.

Injiniya, haka kowa ke kiransa, ya iso Bici cikin hunturu. Yaro ne matashi, ba ya dariya. Ya ja tef ya auna, ya faɗi kuɗin kowace sikwaya mita, na sa aka miƙo mini kujera. Sannan ya hau tambayoyi. Yaushe aka zuba simintin? Domin sai ya cika kwana 28 kafin a shafa masa komai. Baƙin mai ya taɓa zuba a kai? In ya zuba sai an cire shi tas, don efoksi ba ya kama inda maiƙo yake. Daga nan ya yanko leda ya shimfiɗa a tsakar garejin, ya liƙe gefunanta huɗu da salatif, ya ce kada a taɓa sai gobe. In aka ɗaga aka ga gumi a ƙarƙashi, to ƙasar na fitar da laima, kuma laimar nan za ta turo shafen daga ƙasa ya yi ƙuraje ya ɓare.

Bayani ne mai ma'ana. Sai dai ni kaɗai na ji shi. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa na ɗauko malami daga Kano ya ɗaure wani abu a ƙarƙashin leda. Inna, mahaifiyata, ta aiko a kira ni. Ni ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana. Ta ce, "Kai wannan, in asiri aka binne maka, ai a faɗa mini, ba a ɗauko baƙo ba." Washegari da aka zo ɗaga ledar akwai mutane har kan katanga. Aka ga ƙasa a bushe ƙamas. Wasu suka tafi suna cewa ya gudu cikin dare.

Da na matsa wa Injiniya ya faɗa mini mene ne abin, sai ya ce dangin Araldite ne, wannan gam mai tub biyu da masu liƙin lagireto ke cakuɗawa a kan guntun kwali. Ɗaya danƙo ne, ɗaya sinadarin da ke sandarar da shi. Ba bushewa yake yi irin ta fenti ba, inda ruwa ko tina ke tashi ya bar launi. Haɗuwar biyun ce ke juya su su zama abu guda mai tauri, kuma yayin juyawar zafi suke fitarwa. Halin tsohon malami, daga baya na bincika. Ashe cikin waɗanda suka fara gano shi a shekarun 1930 akwai wani masani a Suwizalan mai suna Pierre Castan, kuma a kamfanin kayan haƙori yake aiki. Araldite ɗin ya shigo kasuwa a 1946. Wato abin da aka nema wa bakin ɗan Adam shi na sayo in shimfiɗa wa tayar mota.

Ranar aiki aka yi hayar janareta, yaran Injiniya suka sauke injin gurza mai haƙoran daimon suka hau simintin da shi, domin sai an kankare santsin ya yi kaushi sannan shafen zai sami abin riƙewa. Birkilan da ya ɓata yini guda yana goge wannan simintin da cokalinsa har ya yi sumul yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a baya. Bai ce uffan ba. Ya dai daina amsa mini gaisuwa da kyau.

Kafin a zuba shafen ƙarshe Injiniya ya ce, "Baba, a barbaɗa yashi mai laushi a sama, saboda santsi in ruwa ya taɓa." Na tambaye shi ko zai rage walƙiya, ya ce zai ɗan rage. Na ce, "Injiniya, daga Kano za ka zo Bici ka sayar mini da yashi? Bar shi."

Zubin kansa abin kallo ne. Suna aunawa da ma'auni, su juya da injin huda mai fiffike na 'yan mintoci, daga nan kuma gudu, don abin da ke gare su bai fi rabin awa ba kafin ya fara kamewa, in da cikin zafin bazara ne ma bai kai haka ba. Suka ɗaura takalma masu ƙusoshi suna yawo a kai, ɗaya na bazawa, ɗaya na bi da rola mai ƙayoyi yana fasa kumfa. Aka sami ragowa a gindin bokiti. Na ce a bar mini, akwai bahon Uwargida da ya tsage. Injiniya ya ce in zan yi in yi yanzu, in ya taru wuri guda zafinsa yawa yake yi. Na ɗauko muciyar tuwo na juya shi, na ajiye a inuwa na tafi raka su bakin titi. Ina dawowa na iske yara sun watse suna ihu, bokiti na hayaƙi, gefensa ya lanƙwashe, muciya kuma ta tsaya ƙyam a tsakiya. Har yau tana nan a tsaye. Uwargida ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Malam, yau da me za a tuƙa?" A maƙwabta aka aro.

Umarnin da Injiniya ya bari gajere ne. Awa 24 kada ƙafa ta taka, kuma tunda sanyin hunturu na jinkirta kamewa, a ninka. Mota sai bayan mako guda. Kada ƙura ta shiga. Ya liƙe taga da leda, ya ja ƙofa, ya kama hanyar Kano kafin magariba, ya bar ni da benci da sanda.

Nan aikin ya fara. An gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, mutane ba su da abin yi sai zumunci. Ko'ina sallama: "Mun zo ganin daɓe." A garinmu kuwa ka ce wa mutum kada ya shiga, ka zage shi ke nan. Na yi ta ba da haƙuri ina bayanin sinadari, suna gyaɗa kai suna matsowa. Da mai unguwa ya iso sai na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ta kafar ƙofa ake gani." Ya sunkuya ya leƙa, ya ce duhu kawai yake gani, a ɗan buɗe. Wa zai hana? Na buɗe taƙi ɗaya, iskar hunturu ta ce bismilla. Bayansa liman, bayan liman surukina, kowa da taƙinsa. Inna ta dogaro sandarta ta zo ta ce, "Wane irin daɓe ne wannan da ba a bugunsa, ba a yi masa waƙa, ba a ma ganinsa?" Ba ta jira amsa ba ta ƙara da cewa kazarta tana saka ƙwai a kusurwar garejin nan tun ana gininsa, kuma tun safe take ƙorafi. Na ce ta nemi wani wuri. Inna ta ce, "To, ka faɗa mata."

Na kwana a bencin nan cikin bargo. Da aka kira assalatu na tashi jikana na damƙa masa sanda na tafi masallaci. Muna fitowa na jiyo kukan kaza daga gidana, irin kukan da ba na ƙwai ba. Jika yana barci a kan benci rungume da sanda. Na buɗe ƙofa na haska tocila. Kazar Inna ta tsattsage ledar taga ta diro, ta yi tafiyar taku kaɗan ta maƙale a tsakiya, tana dukan shuɗin daɓena da fikafikai. Zakara na tsaye a kan taga yana shawarar ko ya biyo ta.

Lissafin da na yi mai kyau ne: in shiga da sauri, da sanɗa, in sunkuto ta in fito kafin daɓen ya ankara. Takun farko lafiya lau. A na uku takalmin dama ya ce shi ya iso gida. Na zare ƙafa na taka da tafi, sanyi da danƙo suka kama ni. Na sunkuya na cafko kaza, hula ta faɗi ta zauna. Na miƙa hannu in ɗauko hula, bakin babbar riga ya taɓa ƙasa ya ƙi tasowa. Na ja, ya ja. Ban san yadda aka yi ba sai ga ni zaune, kaza a hammata.

Jama'ar masallaci kaf suka taru a ƙofar, yanzu kam a buɗe take wangale, kowa ya ga daɓe. Shawarwari suka fara sauka. Wani ya ce a zubo kananzir, wani ya ce ruwan zafi, wani ya ce a bar ni sai ya gama kamewa sannan a sassaƙo ni gaba ɗaya. Ladan ya ce in yi ta istigfari. Daga ƙarshe wani ya ratso taron da tsani da katako ya shimfiɗa har inda nake. Birkila ne. Ya miƙo hannu ya ce, "Alhaji, miƙo kazar tukuna." Na fito da rarrafe a kan tsani, babu riga, babu hula, da takalmi ɗaya. Inna ta karɓi kazarta ta zauna tana goge mata ƙafafu da man gyaɗa tana lallashinta. Ni ko sannu. Injiniya ya ce a waya in wanke jiki da sabulu da ruwa, kada in kuskura in shafa tina, sannan ya yi shiru, na ji kamar ya toshe bakin wayar da hannu.

Da ya dawo ya daɗe yana kallo, ya nemi izini ya ɗauki hoto. Ya ce hanya biyu ce: a gurje duka a sake, kuɗi kusan na farko, ko a goge tudun a zuba farin shafe mai nuna ciki a sama. Na zaɓi na biyu. Riga da hula sun fito da ƙyar, a yage. Takalmin kuwa ya ce in aka ɓamɓare shi zai taso da daɓen har siminti, don haka ya yanke maɗaurin ya bar tafin a ciki. Sawun kaza, gashinta guda uku, da shatar inda na zauna, duk suna nan a ƙarƙashin gilashi, an adana su fiye da takardun gidan.

Gaskiya aikin yana da kyau. Baƙin mai in ya ɗiga tsumma ɗaya ke share shi, ƙasa ba ta tashi da ƙura, shi ya sa masana'antu da asibitoci ke sonsa. Bakin ƙofa inda rana ke duka ya fara komawa rawaya, wannan ma ya faɗa tun farko. Maganar yashi kuwa ta tabbata ranar da na fara wanke mota a ciki: na shiga da bokiti ta ƙofa, na tsinci kaina a bango na ƙarshe, bokitin ya iso bayana. Mai ɗori ya duba ƙugun ya ce targaɗe ne kawai.

Ina jinya Uwargida ta shimfiɗa tabarmi a garejin ta karɓi 'yan dubiya, daga nan ba ta sake naɗe su ba. Yanzu duk amaryar da za a kai a unguwarmu nan ake zuwa ɗaukar hotonta, Inna kuma ta ajiye buhunan gyaɗarta a kusurwa, kaza na saka ƙwai a bayansu. Motar tana kwana a waje ƙarƙashin darbejiya.

Mai karatu, in ka san wani mai buƙatar takalmin fata sabo fil, ƙafar hagu kaɗai, lamba 43, ka turo shi Bici ya tambayi gidan mai daɓe. Zan yi masa sauƙi.