Ai An Gane

Ranar Litinin wani mai kayan gini a Yerimaram ya aiko min da takardar farashin siminti da kwano da rodi. Takarda ta sha kala uku, ga hatimi, ga sa hannu mai jela, ga hoton gidan bene wanda ban taɓa ganin irinsa a Potiskum ba. Can ƙasa an rubuta "tuntuɓe mu", an sa lambar waya. Lamba 10.

Layin waya a Najeriya lamba 11 ne, ko yaron da ke saida katin waya a bakin tasha ya san haka. Wato guda ɗaya ta ɓace a hanya, kuma ba wanda ya fita cigiyarta. Na zauna na yi lissafi: in dai huɗun farko daidai suke, mutum sittin da 'yan kai ne a ƙasar nan ke iya zama mai simintin. Mai yiwuwa ɗaya masunci ne a Baga, ɗaya tsohuwa ce a Ibadan da ba ta jin Hausa, ɗaya soja ne da ba ya son a tashe shi daga barci. Duk sai in bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar nawa buhu. Wani maƙwabcina ma ya ba ni shawara in gwada tura kuɗi, tunda lambar asusun banki 10 ce, wataƙila Alhaji asusunsa ya rubuta don a taƙaita zance.

Da na taka zuwa shagon sai na tarar guntuwar lambar nan ta yi 'ya'ya. Tana jikin allon shago da jan fenti, tana kan kowane shafi na littafin rasit, tana kan kalandar da aka raba wa abokan ciniki, har a bayan Keke Napep ɗin da ke kai kaya. Na ce, "Alhaji, lambar nan taku ba ta cika ba." Ya ɗaga kai ya dubi allon kamar yau aka kafa shi, ya ce, "Ai an gane, Malam. Wanda ya san ni ya san shagona." Bai rufe baki ba ya shiga yi min ƙorafin kasuwa, wai wayarsa sai ta yini ba ta yi ƙara ba, mutane ba kuɗi.

Abin da ke ci min rai shi ne mutanen nan ba sakarkaru ba ne. Je kasuwar shanu ranar Laraba, wadda ake sawa cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, ka ga yadda dillali ke bincikar sa. Zai buɗe baki ya duba haƙora, ya ɗaga ƙafa ya duba kofato, ya taɓa tozo, ya sa a ja shi ya yi tafiya. Direban tirela ba zai kama hanyar Legas ba sai ya zagaye tayoyinsa yana ƙwanƙwasa su da ƙarfe. Kuɗi kuwa sai an lasa yatsa an ƙirga, an juya an sake ƙirgawa, a miƙa wa yaro shi ma ya ƙirga. Amma takarda mai layi shida, wadda ita ce za ta shiga ofis ta yi magana da yawunka ba ka nan, ba ta samun ko kallo ɗaya.

Yaron bizines santa kuma ya gano lagon kowa. Ka ce masa wasiƙar neman kwangila, sai ya buɗe ta mutumin jiya a kwamfuta, ya goge sunan sama ya sa naka, ya danna. Shi ya sa mai neman kai kujeru makaranta zai yi alkawari a sakin layi na uku cewa abincin kajinsa ba ya ɗauke da tsakuwa. Kwanan wata na shekarar da ta wuce. Yadda wasiƙun nan ke gadon juna, ina jiran ranar da zan ga "Potiskum, Jihar Borno", alhali tun 1991 aka yanke mana Yobe. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a cikin gari, cike da ɗaliban da za su karanta maka wasiƙa tas a kan kuɗin shayi da burodi. A'a. Gara a buga, a kai Damaturu, a dawo ana cewa an yi son kai wajen rabon kwangila.

Wuri ɗaya ne na san Alhaji na ɗauko tabarau, shi ne katin ɗaurin aure. Nan fa ake karatu harafi-harafi, da yatsa a kan layi. A manta "Alhaji" a gaban sunan kawun amarya, kati 500 sun tafi kwandon shara. A sa sunan mai sarauta a ƙarƙashin na ɗan kasuwa, sai dattawa sun zauna. Uban biki, babban baƙo, babban baƙo na musamman, baƙo mai jawabi, masu masaukin baƙi, 'yan kwamitin tarbar baƙi, kowa da laƙabinsa cif, har wanda ya je Umara sau ɗaya sai an yi shawarar abin da za a kira shi. Sunan ango ne ƙarami a katin, sai ka matso da shi kusa da ido.

Bayan duk wannan tankaɗe da rairaya, sai ka ga an rubuta Asabar, 14 ga wata, alhali 14 ga watan Juma'a ce. Masu bin rana su zo Asabar, masu bin kalanda su zo Juma'a, dangin Gashuwa da ba sa son kuskure su zo tun Alhamis su kwana. Uwar amarya ta ɗora tukunya sau biyu, kuma har gobe tana cewa dangin ango ne ba su da tsari.