Ranar da Aka Zuba Mini Ruwa a Kunne

Da zarar na juya dama a kan gado, sai ɗaki ya kama hajijiya da ni, fanka ta dawo ƙasa. Gwaggo ta ce iska ce, maƙwabci ya ce hawan jini, ni kuwa na ɗora wa kuɗin makarantar yara. Likitan kunne ya gama saurarona, ya ce a gwada idanuna. Na ce, "Likita, ba kunne ka karanta ba?" Ya ce ai abin da ke daidaita tsayuwar mutum can cikin kunne yake, jijiya ta haɗa shi da ido, in ya rikice ƙwayar ido ta riƙa fizga ba da sanin mai ita ba.

Jin za a ɗauki ido a hoto, na sha kwalli kamar ango. Yarinyar da ke kula da na'urar ta miƙo auduga. "Baba, a goge, kwallin zai ruɗa kyamara." Ta ɗaura mini tabarau mai kauri, na bi ɗigon haske da ido, na ce ashe wasan yara ne. Sai ta karkata kaina, ta kwantar da ni da sauri, ƙeya a rataye, dabarar da Dix da Hallpike suka fitar a Landan tun 1952. Salatina har bakin ƙofa.

Ashe da sauran aiki. Ruwa mai zafin digiri 44 a kunne, bayansa mai 30. Wani Robert Bárány har kyautar Nobel ta 1914 ya ci a kan irin wannan aika-aika. Da ina cikin alƙalan, da an sha rigima. Duniya na wulwulawa, na ƙanƙame gado, ta ce, "Baba, jero mini sunayen 'ya'yanka," wai kada ƙwaƙwalwa ta samu sararin danne fizgar idon. Na kawo biyu lafiya. Na ukun da ya fito sunan budurwata ta farko ne, ga uwargida zaune a gefe riƙe da hulata.

Likita ya ce wasu 'yan ƙwayoyin sinadarin kalsiyam ne suka zame cikin ɗaya daga bututu ukun kunnena na dama. Ya jujjuya kaina na 'yan mintoci, dabarar Epley, jiri ya kama gabansa. Maganar sunan kuwa ta kai gaban surukaina, an sa zama ranar Asabar.