Alhaji Ya Dawo Ƙauye, Har Zuwa Lahadi

Akwai wata cuta da ke kama manyan mutanenmu na Yamai da Damagaram, wadda har yanzu likitoci ba su raɗa mata suna ba. Ba ta kama talaka, ba ta kama yaro. Sai mutum ya haura hamsin, tumbi ya sauko, an hana shi gishiri da sukari, sannan za ka ji yana ajiyar zuciya a ofis yana cewa, “Kai, rayuwa tana ƙauye.” Nan take zai tuna ashe shi ɗan Matamaye ne, ashe a can aka binne cibiyarsa, ashe furar birni duk ruwa ce. Mutumin da ba ya taka garin sai ta'aziyya, ita ma ya yi ta injin mota na kunne, yau shi ke karantar da abokan aiki daɗin iskar fadama.

Maganin cutar guda ne, gidan gona. Ana sayen fili a bayan gari, ta hanyar Kance ko ta Ɗan Barto, amma dab da kwalta, domin son ƙauye bai kai a ɓata tayar mota ba. Sai a kewaye shi da katangar bulo, a lulluɓe katangar da zana don kada ta ba da kunya a hoto. A tsakiya a tayar da bukka. Daga nesa bukka ce sak, irin ta kakanni. In ka matso ka tarar da siminti, ƙarƙashin ciyawar akwai kwano, ƙasa an shimfiɗa tayil, bayan ɗaki farantan sola sun jeru, a ciki na'urar sanyaya ɗaki tana huci. Maƙwabcinsa, wanda ya daɗe yana tara kuɗin bandir ɗin kwano don ya huta da yoyo, yakan tsaya ya riƙe baki: ga mutum ya sayi kwano sabo fil, ya ɓoye shi cikin ciyawa.

Ba mu muka fara ba, a yi mana adalci. Masu hali na Ingila da Faransa sun daɗe da ɗabi'ar ajiye ɗan gida a karkara, Rashawa ma suna da nasu, sai dai Barashe in ya je nasa yakan duƙa ya haƙa dankali da hannunsa. A 2020, da korona ta kulle mutane a ɗaka, intanet ta cika da hotunan 'yan matan Turai cikin dogayen riguna suna gasa burodi da saƙa a gidajen karkara. Hajiya ta gani. Abin da Hajiya ta gani kuwa, Alhaji ya gama biya.

Aikin farko da ake yi a sabon fili shi ne sare gawo. Nan ne nake jin zafin abin. Tun daga shekarun 1980, bayan farin da ya ƙone ƙasa, manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka koma barin tohon itace a gonakinsu in suna sassabe, suna gyara shi har ya zama bishiya, abin da ake kira sassaben zamani. Gawo ne sarkin wannan aiki, don shi da damina yake zubar da ganye, bai tare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore shar, 'ya'yansa su ciyar da awaki da tumaki lokacin da ko tsinke babu a daji. Masu bincike daga Turai da Amurka sun sha zuwa da hotunan tauraron ɗan Adam suna mamakin yadda talakawa suka mayar da ƙasa kore da wuƙa da haƙuri. Alhaji kuwa ya zo ya ce itacen yana da ƙaya, yana tare masa kallon faɗuwar rana. Aka kayar, aka dasa ciyawar Turawa mai shan ruwa safe da yamma, wadda aka kafa doka ko akuya ba ta da izinin kallonta. Ni dai ina zargin kishi ne, don halinsu ɗaya da gawon: da rani a gan su kore shar, ruwa na sauka a neme su a rasa. Bambancin kawai, gawo in zai tafi yakan bar taki.

Lokacin zuwan Alhaji shi ne sanyi, Disamba zuwa Janairu, sa'ad da sauro ya yi sauƙi, aikin gona ya ƙare, raken fadamun Korama ya cika kasuwa. Motoci biyu ke zuwa, ɗaya ta mutane, ɗaya ta ruwan gora da katifu. Yana sauka zai tuɓe shadda ya sa wata riga mai kama da tsohuwa, wadda tela ya sha wahala kafin ya tsufar da ita, ya kifa malfa, ya zauna kan tabarma. Ƙarƙashin tabarmar akwai soso. Sai ya ce a kawo rake, don rabonsa da rake na gaskiya tun yana lokol. Rake kuwa ba ya sanin girma. Gaɓa ɗaya ta tuna masa kuɗin da ya kashe wajen likitan haƙori. Daga ranar ake feƙe masa shi, a yanka ƙanana a faranti, ya riƙa tsinka da cokali mai yatsu yana ba yara labarin yadda suke cinye sanda guda kafin su kai gida.

Da la'asar sai dara. Tsofaffin unguwa suna da inuwarsu, da gurabunsu talatin a ƙasa, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan karare, wancan tsakuwa, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin wasa. Cikinsu akwai waɗanda suke wannan zama tun zamanin Diori Hamani, sun san ƙarshen wasa tun daga ajiye ɗa na huɗu. Alhaji kuwa rabonsa da dara tun kafin ya yi gemu. Amma abin al'ajabi, kullum shi ke ci.

“Ɗana, ashe hannunka bai manta ba,” in ji tsohon da ya bar masa hanya a buɗe har sau uku kafin ya lura.

“Kawu, ai abin a jini yake,” in ji Alhaji, hannu na shiga aljihu.

Ka'idar inuwar ce wanda ya ci shi ke sayen goro da sukarin shayi, kuma in farin ciki ya yi yawa har kuɗin cefane yakan faɗo. Tsofaffin nan ba su karanta ilimin tattalin arziki ba, amma sun gane wasan da faɗuwa ta fi ci riba. Ranar da aka ji ya bar jakarsa a Damagaram, kafin shayin farko ya tafasa an yi masa cin kaca uku a jere, har wani ya ba shi shawarar ya koma ludo.

Bayan dara sai ya ce yana son ganin langa, a tara samari. Wane samari? Masu ƙarfin riƙe ƙafa ɗaya su yi tsalle da ɗaya duk sun tafi cin rani, wasu Kano, wasu Legas, wasu Agadas da Libiya, wasu ramukan zinariya na Jado. Sai aka kwaso 'yan lokol, aka yi ciniki, kowa da 'yan dalolinsa. Yaran sun fi sanin sunayen 'yan ƙwallon Real Madrid da ka'idar langa, don haka Alhaji ya miƙe zai nuna musu. Ya kai hannu baya neman babban yatsan ƙafarsa, yatsan ya ƙi zuwa, ƙugu ya amsa a madadinsa. Mai ɗori ya samu ciniki a daren. Sauran hutun a kwance ya yi shi, yana kallon kokawar Takobi a talabijin, gasar da aka fara a Tawa a 1975, yana shaida wa masu dubiya cewa ba don boko ya ɗauke shi ba da an ji sunansa a filin Langa-Langa na Damagaram. Masu dubiyar, waɗanda suka ga ranar da ƙanen abokinsa ya shimfiɗe shi a dandali, suka ce ƙwarai kuwa, Allah ya ƙara sauƙi.

Dare na tatsuniya ne. Ana kashe sola da gangan, a kunna fitilar ƙwai, bayan an zagaye gari neman kananzir, don mutanen garin sun daɗe da komawa tocila da fitilar caji. A ɗauko Inna a zaunar da ita tsakiyar jikoki. Inna ta ce gatanan gatananku, jikoki suka dubi juna suka tambaya da Faransanci me ta ce. Aka fassara. Ta kawo Gizo, ƙaramin ya tambaya ko shi ne Spider-Man. Inna ta taƙaita, ta kashe Gizo tun bai gama yaudarar Ƙoƙi ba, don an kusa fara fim ɗin Kano da take bi a gidan maƙwabta, ta kuma roƙi a mayar da wutar ta sa wayarta caji.

Hajiya ita ma tana da nata shirin. Da hantsi za a fito da turmi da taɓarya, ta ɗaura zanen saƙi, a saita waya. Bugu uku, a na huɗu ta gwada lugude, taɓarya ta tashi sama ta ƙi dawowa inda aka aike ta. A yanke wurin, a sa kiɗa, a tura wa ƙawaye a WhatsApp da rubutun “mun koma asali”. Dakan kuma wata yarinya ce za ta ƙarasa, wadda uwarta ta riga ta aika nata hatsin injin niƙa tun da safe. Kafin a tafi Hajiya za ta bi gidajen dangi tana karɓar akushi da tsofaffin ƙore da faifai don adon falonta na Yamai, tana ba da robobi da kula a madadi. Ana rabuwa kowace na dariya a ɓoye, kowace ta tabbata ita ta cuci 'yar'uwarta.

Akwai abin da wayar Hajiya ba ta ɗauka. Gidaje da yawa a ƙasar Kance a wannan lokaci babu matan a ciki, sun bi hanyar Aljeriya da yara a goye. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar ƙasar, akasarinsu mata da yara, da yawansu daga wannan yanki. Mutum ba ya barin ni'ima ya shiga hamada da goyo. Kallon kitse ake yi wa rogo daga bayan gilashin mota.

Bazara ba ta da dogon labari. Alhaji ya taɓa gwada ta sau ɗaya, cikin Afrilu, don mangwaro. Zafi ya haura digiri 40, batiran sola suka gaji da tsakar dare, kunama ta fito gaishe shi a banɗaki. Ko sallar asuba a Takeita ya yi ta.

Da damina kuwa noma ake yi sosai, ta waya. A ƙofar gidan gona an rubuta “Na duƙe tsohon ciniki” da fenti mai kyau, amma mai duƙawar ɗan wansa ne, wanda aka bar wa gadi da gona da ban ruwan ciyawa a kan albashin da ake tunawa da shi lokaci-lokaci. Ruwan shuka na sauka saƙon murya zai fara shigowa daga nisan kilomita kusan 900: an yi shuka? A bar tazara. Na gani a YouTube ana haɗa kaza da kaza. Yaron ya saurara da hauya a kafaɗa, ya ce to Baba. Noman fari ya wuce, maimai ya wuce, kuɗin taki ba su iso ba sai da hatsi ya fitar da kai. Hoton da Alhaji ya sa a Facebook yana tsaye cikin dawa mai tsayi, ƙarƙashinsa ana ta “Allah ya ƙara albarka, manomi”, a gonar maƙwabci aka ɗauke shi, wanda bai sare gawonsa ba. Cikin Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabo bai nuna ba, masassara ta kwantar da yara, dangi suka fara neman lambarsa, sai rezo ya lalace a Yamai. Lalacewar takan ɗauki mako shida, kuma lambobin Matamaye kaɗai take shafa.

Rezo na gyaruwa ka san kaka ta yi. Motar katifu takan zo wannan karon da buhuna wofi a ninke. Alhaji zai tsaya gaban rumbu, hannu a baya, a riƙa fito da damma yana ƙirgawa yana gyaɗa kai. Abin da bai sani ba, ko ya sani ya ga rashin sanin ya fi daɗi, gonar da aka sare wa itace aka hana taki ba ta ba da rabin wannan ba. Ɗan wan nasa, yaro mai hankali, ya ɗauki kuɗin takin da suka zo a makare ya sayi damma wajen maƙwabta ya cika rumbu, kowa ya huta. Da za a yi lissafin mai da gadi da fenti da mai ɗori, tiya ɗaya ta hatsin nan ta fi ta kowace kasuwa tsada a Nijar. A Yamai kuwa za a ƙulla shi a leda a rarraba wa manya: “Wannan daga gonata ne, ku ɗanɗana ku ji, ba irin na kasuwa ba ne.” Su kuma su ɗanɗana su rantse sun ji bambanci.

Ranar Lahadi da hantsi an gama lodi, hatsi da wake da gyaɗa da rogo, har da zabi biyu da wata gwaggo ta kawo tana fatan a tuna da ita. Yaron ya rusuna a gefen taga.

“Baba, ko za a samo mini ko gadi ne a Yamai?”

“Yamai? Kai da Allah ya ajiye cikin wannan ni'ima? Ai da ni ne kai, ko da kuɗi ba mai fitar da ni daga nan.”

“To Baba, a bar mini makullin ɗakin mai sanyin.”

Alhaji ya shafa aljihu ya ji makullin na nan, ya ce wa direba ya ja, hanya da nisa, gobe akwai taro ƙarfe takwas.