Taubashi, wa ya naɗa ka wakilin Ɗanƙwairo a Kebbe?

Bawan gidanmu, ɗan gwaggo, gaishe ka da aikin kishi. Labari ya iso Tambuwal cewa tun ranar da yaron nan na TikTok ya juya waƙar sarauta ta Musa Ɗanƙwairo ta koma ta tuwo, ba ka sake barin kowa ya sha shayi lafiya a Kebbe ba. Saƙon muryar da ka turo zauren dangi ma mun ji: "Wanga yaro ya ɓata muna waƙa, ba shi da kunya!" Har muryarka na rawa.

To me yaron ya yi? Ya naɗa zanen gado a matsayin rawani, ya rungumi jarka a madadin kotso, ya jera ƙannensa suna yi masa amshi. Inda makaɗin Maradun ke wasa sarki, shi tuwon dawa da miyar kuka yake wasawa. Inda ake zambo ga 'yan sarkin da suka nemi gadon suka rasa, sai ya sauke shi kan baƙon da ba ya sallama sai an ɗauko akushi. Ina zargin nan ne ya taɓa ka, don duk gidanmu an san ƙarfe nawa kake isowa.

Masu kallo sun rabu. Akwai masu yi masa addu'ar ƙarin basira, akwai masu roƙon ya yi ta Shata, 'yan Nijar na cewa a taɓa musu Ɗan Anace. Wasu kuma sun ja carbi suna tambayar ina iyayensa. Sai ajinku, wanda ya fi kowanne ban dariya: ku zage shi da safe, da yamma ku hau tudu kuna ɗaga waya sama neman sabis don ku sake kallo. An ce katinka na mako guda a kansa ya ƙare, wai kana "tattara hujja".

Da ka tambayi gwaggo, da ta gaya maka sana'ar nan ta girmi wayarka. 'Yan kama sun daɗe suna ɗaukar waƙoƙin manyan makaɗa da karatun malamai suna mayar da su zancen fura da nama, a kasuwa da gidan biki, wani lokacin a ƙofar fada, sarakuna na murmushi a bayan amawali. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya kai abin cikin fim, ya kwaikwayi Awilo Longomba na Kwango, ya kwaikwayi Indiyawa. Shi ma ya gamu da irinka, masu hatimi ma: a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi a Kano kan fim ɗin Ibro Aloko. Da ya rasu a 2014, har waɗanda suka yi masa tofin Allah tsine sun ce an yi rashi. Can Tanzaniya kuwa, Kili Paul yana motsa baki kan waƙoƙin Indiya sanye da kayan Masai, ofishin jakadancin Indiya ya kira shi ya karrama shi a 2022. Da Kebbe ya faɗo, da ka kai shi wurin hakimi.

Ni dai a ganina juyin waƙa ba ya ba da dariya sai ga wanda ya san ta asali, shi ya sa yake kora mutane zuwa gare ta. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, yawancin masu kallon nan ba a haife su ba. Yanzu ga su a shagunan masu tura waƙa a bakin titin Jega suna cewa a sa musu "ta gaskiyar". Kai da kake kare martabarsa, yaushe rabon da ka kunna shi? Wayarka cike take da waƙar Jarumar Mata tun 2020, lokacin da ka ce rawar da matan aure ke yi da ita alamar tashin duniya ce, alhali ita ce ƙarar kiranka.

Abin da ya fi kashe ni, a ɗaurin auren da aka yi a Dogon Daji ka tashi za ka nuna wa yara yadda asalin waƙar take. Ka gyara murya, ka yi baiti ɗaya daidai, a na biyu sai ga man shanu da daddawa sun faɗo daga bakinka. Shaidu suna nan da ransu, ɗaya ma ya ɗauka a waya, kuma ina lallashinsa kada ya saki abin da ya ɗauka.

Kuɗin shararka na cika-cikin bana kuwa kada ka wahalar da kanka zuwa karɓa. Na riga na saya maka data da su, don an ce yaron zai saki ta Narambaɗa.