Masu taimakon da suka fi ƙarfin mara lafiya

Wata babbar mota ta banke wani ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, a kan titin da ya tashi daga Dapaong zuwa Sinkase. Ƙashin cinyarsa ya karye, ƙirjinsa ya bugu. Karayar cinya kaɗai takan zubar da jini fiye da lita 1 a cikin nama, don haka ko da aka kai shi asibiti numfashinsa sama-sama yake. Likita ya ƙara masa jini, ya kafa ƙarafa ta waje suka riƙe ƙashin, ya ce babban aikin, wato sa ƙarfe a cikin ƙashin, sai bayan kwana 5.

Washegari yayansa ya iso daga Lome da dangi cike da mota. Wannan ya ce kuɗi likitan yake jira, wancan ya ce a ɗauke yaron a kai wa mai ɗori a Zongo, wata gwaggo kuwa tana ta ɗura masa rubutu alhali an hana shi shan komai. Ɗakin ya cika har ma'aikaciyar jinya ta rasa hanyar wucewa.

Likitan ya jawo wa yayan kujera.

"Alhaji, ƙarfen da kake so a sa yau, wani Bajamushe, Gerhard Küntscher, ya fara zura irinsa cikin ɓargon cinya a 1939. Da ƙafar kawai ƙanenka ya karya, da tun jiya na sa masa, don jinkiri ma cuta ne. Amma akwai fararen ƙwayoyin jini da ke tsaron jiki. Da ƙashi ya karye sai su rugo wurin, su kwashe mataccen nama, su kashe ƙwayoyin cuta. Kumburi da zazzaɓin nan aikinsu ne, kuma in babu su ƙashi ba ya haɗewa."

"To ai alheri ne, Likita."

"Alheri ne in sun zo daidai kima. Yanzu a fusace suke. In na huda ɓargo, kitsensa ya bi jini ya shiga huhun da ya riga ya bugu, sai su ɗauka an sake kawo hari. Kowace ta kira 'yan'uwanta, su yi dafifi a huhu, su huda jijiyoyinsa har ruwa ya cika shi, daga nan su gangara ƙoda. Mutum ya tsira daga mota, masu tsaronsa su ƙarasa shi. Kuma wallahi babu wadda ta zo da mugun nufi."

Alhaji ya ɗan yi shiru, ya dubi cincirindon da ke bakin gado.

"Likita, su ƙwayoyin nan, mene ne maganinsu?"

"Su ragu, su lafa, su bar mai aiki ya yi aikinsa."

Kafin la'asar Alhaji ya sa direba ya mai da kowa masauki, aka bar mahaifiyar yaron ita kaɗai tana jinya.