Masu Jiran Sabuwar Kalkuleta a Filinge

Daga Yamai zuwa Filinge tafiyar kilomita wajen 180 ce, ta Baleyara da Bonkuku, kuma duk labarin da ya hau wannan hanya sai ya yi ƙiba kafin ya sauka tasha. Kusan kowace shekara, in an koma lakwal a watan Oktoba ko in jarrabawa ta ƙarato, sai a ji wai kamfanin Casio na Japan zai fito da sabuwar kalkuletar kimiyya da ta fi duk na baya. Jita-jitar ba ta rasa madogara ba, don kamfanin ya saba: ya fito da fx-991EX a 2015, ya biyo ta da jerin CW wajen 2022. Waɗanda maganar ta dama a ƙasar Kurfai, wato yankin Filinge, ba su da yawa, amma kowa da irin jiransa.

Na farko shi ne mai kawo labari. Bai taɓa ganin na'urar ba, amma yana da aboki wanda yayansa ke da rumfa a Babbar Kasuwar Yamai. Alƙaluman da yake farawa da su na gaskiya ne: tsohuwar fx-82MS tana da ayyuka 240, fx-991ES Plus tana da 417, fx-991EX kuwa 552. Daga nan sai ya ci gaba da kansa. A Baleyara sabuwar tana da ayyuka dubu. A Bonkuku ta fara magana da Faransanci. Kafin a sauke shayi na uku a fada, tana jin Zabarmanci, tana kuma faɗin ranar da ruwan shuka zai sauka.

Kusa da shi akwai ɗan a-jira, ɗalibin ajin ƙarshe na lise a ɓangaren kimiyya. Babansa ya sayar da ɗan akuya ya ba shi kuɗin kalkuleta tun da kaka, shi kuwa ya ce ba zai zuba kuɗinsa a kan abin da zai tsufa nan da wata biyu ba. Tun daga ranar yake aro. Duk ajin sun san muryarsa: "Don Allah minti ɗaya." Kuɗin sun bi ta wajen mai tsire da mai katin waya, kaɗan-kaɗan, amma har yanzu yana da ra'ayi mai ƙarfi a kan launin da ya kamata sabuwar ta zo da shi.

Sai tsohon malamin lissafi mai ritaya, wanda ya yi karatu a babbar lise ta Yamai da yau ake kira Issa Korombé, ya kuma fara koyarwa zamanin Seyni Kountché, ɗan Fandu na nan yankin, wanda ya mulki ƙasa daga 1974 zuwa 1987. Shi da littafin logaritim na Bouvart da Ratinet ya tashi, inda mutum ke bin layi da yatsa har idonsa ya yi ja. Kalkuletarsa ta fi wasu malaman lise shekaru. An ɗaure ta da roba, lambar 7 ta goge, sai wanda ya san wurinta. Yana bin labarin sabuwar fiye da kowa, don ya samu abin kushewa. Hujjarsa kuwa tana da nauyi: da jerin CW ya fito, an cire maɓallin nan guda da ke juya kaso zuwa lamba mai ɗigo, aka mayar da aikin cikin jerin zaɓi, ɗalibai da injiniyoyi a ƙasashe da dama suka yi ta ƙorafi. In yaro ya ce masa, "Malam, ai sabuwar ta fi sauri," sai ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Saurin zuwa ina, ɗana?"

Malam yana da abokin hira, masanin tarihi. Wannan zai gaya maka cewa kalkuletar kimiyya ta aljihu ta farko ita ce HP-35, ta fito a Amurka a 1972, maɓallanta 35, kuɗinta dalar Amurka 395, kuma ba ta da maɓallin "daidai" ko ɗaya: sai ka shigar da lambobi tukuna, sa'an nan ka faɗa mata abin da za ta yi da su. Zai ƙara da cewa Casio ce ta fara kalkuleta mai zana hoton lissafi, fx-7000G, a 1985. A ganinsa tun da aka ƙirƙiro maɓallin "daidai" tarbiyya ta lalace. Bai taɓa riƙe HP a hannunsa ba. In zai biya mai shayi, da yatsu yake ƙirga canji.

Mai gano jabu ya fi su amfani, ko da yake ya fi su gajiyarwa. Kasuwannin Afirka ta Yamma cike suke da kwaikwayon Casio, har kamfanin ya koma manna wa wasu na'urorinsa tambarin da ake tantancewa da waya. Shi wannan bawan Allah ba ya bukatar tambari. Zai auna nauyinta a tafin hannu, ya kanga ta a haske ya ga ko gilashin hasken ranar na gaske ne ko baƙar roba ce aka liƙa don ado, ya danna kowane maɓalli ya saurari ƙararsa. Daga nan ya sa ta ninka lambobi tun daga 1 har 69, amsar ta fito. Ya ce ta kai 70, ta rubuta Math ERROR, don lissafin ya zarce iyakar da aka yi mata. Ta gaske ma haka take yi, amma yana son ganin fuskar mai kanti a lokacin. Tun kafin sabuwar ta iso ya riga ya yanke hukunci: wadda za ta fara zuwa Filinge jabu ce.

Akwai mai neman rigima, wanda makaminsa layi ɗaya ne: 6÷2(1+2). Wasu na'urori suna ba da 1, wasu suna ba da 9, saboda masu ƙera su ba su yi ittifaƙi a kan matsayin ninkawar da ba a rubuta alamarta ba. Ya raba abokai da wannan tambaya, ya hana malamai biyu gaisawa har mako. Fatansa kawai sabuwar ta ba da amsa ta uku.

Shi kuwa ɗan ƙwalisa ya riga ya mallaki mai ayyuka 552, yana sa ta a aljihun gaba yadda sunanta zai leƙo. Ayyuka huɗu yake amfani da su: tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa. Wata rana ƙanensa ya yi wasa da ita ya mayar da ma'aunin kusurwa daga digiri zuwa radiyan, sai sinus na 30, wanda duk ɗan kwaleji ya san rabi ne, ya koma −0.988. Ya kwafe haka a takarda, ya ja layi biyu a ƙasa, ya kuma yi gardama da malami cewa injin Japan ba ya ƙarya. Da yake ya ji tana aiki da hasken rana, ya kuma ji cewa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a kan makamashin rana ya yi suna, sai ya shanya ta bisa katanga a zafin watan Afrilu don ta ƙoshi. Fuskarta ta yi baƙi ƙirin, sai da ta huce a inuwa ta dawo hayyacinta.

Mai waya yana yi musu dariya duka. Me za a yi da kalkuleta, in ji shi, alhali komai na cikin waya? Haka yake faɗi har safiyar jarrabawar BEPC ko bak, ranar da ake raba kowa da wayarsa a bakin ƙofa. A nan ake ganinsa yana zagaya fili tare da ɗan a-jira, su biyu suna neman mai guda biyu.

Mai kantin littattafai siyasarsa a fili take. Muddin akwai sauran tsofaffi a kwali, labarin ƙarya ne, shi da ya dawo daga Yamai shekaranjiya bai ji ba. Ran da ta ƙarshe ta fita, sai ya rage murya ya ce lallai tana tafe, mai so ya ajiye rabin kuɗi.

A can kasuwa kuwa akwai mutanen da ba a taɓa ƙera wa kalkuleta ba. Injin yana ƙirga sefa, su kuwa da dala suke ciniki: sefa 5 dala ɗaya, sefa 1,000 jikka. Duk abin da ya fito a fuskar na'ura sai an raba shi biyar kafin ya zama magana. Dillalin da ke sayar da bijimin Azawak, irin shanun da gidan kiwo na Tukunus ya shahara da su, yakan fitar da la'adarsa a ka tun mai saye bai gama taya ba. Haka ma dattijuwa mai hatsi. A ce tiya 17 ce, kowace dala ɗari da ashirin: jikanta ɗan lise zai ciro na'ura, ya zare murfi, ya mayar da dala sefa, ya ninka, ya samu 10,200, ya tsaya yana juya ta zuwa bakin kasuwa. Kafin nan ta ce jikka goma da dala arba'in, ta karɓa, ta ƙulle a bakin zane.

Jikan ya taɓa yi mata bayanin sabuwar da ake jira, da ayyukanta dubu. Ta saurara har ya gama, sa'an nan ta tambaye shi ko a cikin dubun akwai wanda ke tuna mata waɗanda suka ci bashin gero tun bara. Ya ce babu, Kaka. Ta ce to ya matsa da ita daga kan buhu, yana tare wa masu saye hanya.