Masanan jirgin sama na gindin dogon-yaro

Da an sauko daga idin ƙaramar salla, maniyyata sun shiga zirga-zirgar fasfo da allurar rigakafi, sai kowace inuwa daga Ƙonni zuwa Malbaza ta koma ofishin binciken jiragen sama. Mu nan galibi mai son shiga jirgi sai ya ci kwalta fiye da kilomita 400 zuwa Yamai, ko ya ƙetara ta Illelar Najeriya ya nufi Sakkwato. Amma nisan filin jirgi bai taɓa rage mana yawan masana ba. Sai ma ya ƙara musu ƙarfin baki, tunda babu matuƙi a kusa da zai ƙaryata su.

Sarkinsu duka shi ne Mai Taurari. Saurayi ne ɗan fada, mai salula da fasasshen gilashi, wanda iyakar tafiyarsa a duniya Dogon Dutsi, amma ya san sunayen kamfanonin jirage fiye da sunayen ƴaƴan yayarsa. Da ya ji kawunsa ya biya kuɗin kujera, sai ga shi bayan magariba, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa, ya yi doguwar gaisuwar da ko ranar salla bai taɓa yi ba. "Kawu, wane kamfani ne za shi ɗauke ku?" Tsoho ya faɗi abin da ya ji a bakin mai ajans. Sai yaro ya shiga latse-latse, ya ɗaga salula sama yana neman rezo, ya matse ido, ya ja ɗan tsaki, ya girgiza kai. Ba zai tanka ba sai an roƙe shi. "Tauraro ukku ne, Kawu. Ukku kacal. Amma dai ba komi, Allah na nan." Wannan "ba komi" ita ke hana Kawu runtsawa har kiran assalatu.

Abin da Mai Taurari bai tsaya ya karanta ba shi ne taurarin iri-iri ne. Waɗanda ya fi cin karo da su na Skytrax ne, wani kamfani na Landan, daga ɗaya zuwa biyar, kuma hidima suke aunawa: daɗin abinci, faɗin kujera, tsabtar bayi, fara'ar ma'aikata. Watau an hana Kawu barci ne don shinkafar jirginsa ba ta kai ta wani jirgin ba. Akwai kuma na AirlineRatings, mutanen Ostareliya, masu kaiwa bakwai, su ne suka taɓo maganar tashi da sauka lafiya. Shi kam duk ya cuɗa su wuri ɗaya. Auna lafiyar jirgi da taurarin hidima daidai yake da sayen buhun albasa don kyan ɗinkin bakinsa.

Binciken gaske ba shi da ƙyalƙyali. Hukumar OACI da ke Montreal tana bin ƙasa-ƙasa ta duba ko hukumar jiragen kowace ƙasa na aikinta. Ƙungiyar IATA tun 2003 take sa masu bincike su tona takardun kamfani, horon matuƙa da gyaran inji, kuma ba a zama ɗan ƙungiyar sai an ci wannan jarrabawa. Tarayyar Turai tun 2006 take fitar da jerin kamfanonin da ta hana shiga sararinta, sau da yawa ma kamfanonin ƙasa guda take haɗawa ta hana, saboda raunin hukumar ƙasar. Ka zauna ka warware wa yaron nan duk wannan, sai ya ce, "E, listi nuwar, ai na san ta," ya koma kan taurarinsa. Abin dariyar kuwa, Kawu ba shi ke zaɓen jirgi ba. Ajans da hukumar alhazai ke tsara jigila. Ranar da aka kira sunansa, abin da ya tarar a fili shi zai shiga. Don haka duk ilimin nan amfaninsa ɗaya ne. Kafin yaro ya miƙe, zai sassauta murya ya ce, in Allah ya sa an gama lafiya a tuna da shi a kasuwar Jidda, wagga salula ta gaji.

Na biyu Jarumin Ƙasa. Ɗan kasuwar albasa ne na Galmi. Ya sha kwana bisa lodi daga nan har Kumasi, ƙafafu na reto, rawani ya rufe hanci. Yana hawa kabu-kabu su uku, rago na huɗu, babu mai hular kwano, su kutsa tsakanin motar siminti da tanka a mararrabar Tsarnawa, shi kuwa yana ciniki a waya. Amma ka ambata masa jirgi, sai ya dafe ƙirji. "Ni? A rataye ni tsakanin sama da ƙasa? In ya lalace, ina za a raɓe a kira makanike?" Nakan jero masa alƙaluma. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce hanya na cin rai kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma Afirka ce kan gaba in an auna da yawan jama'a. Wani malamin jami'ar MIT ta Amurka, Arnold Barnett, ya lissafa cewa daga 2018 zuwa 2022, in an haɗa duniya duka, sai an shiga jirgi sau miliyan 13.7 kafin a rasa fasinja ɗaya. Yankinmu bai kai Turai ba a lissafin, amma ko a nan sama ta fi kwalta rangwame nesa ba kusa ba. Jarumi ya saurara tsaf, ya kurɓi shayi, ya ce, "To shi wanga ɗayan fa, Malam? Ba shi da iyali?" Ba wauta ba ce ke damunsa. A ƙasa yana ganin ƙeyar direba, yana iya daka masa tsawa, sai ya ji kamar da hannunsa a tuƙin. Ga kuma rediyo: in jirgi ya faɗi a wata nahiya, BBC da RFI za su kwana uku a kai, in mota ta kife kusa da Badagishiri, sai wanda ya je gaisuwa ya sani.

Akwai ƙananan masana da ba sa cin lokaci. Mai Ƙirga Inji ba ya yarda da jirgi mai inji biyu, a banza ka gaya masa an ƙera shi yadda ɗaya zai iya kai shi ya sauka. Mai Duba Fenti da ya ga sabon launi shi ke nan, hankali ya kwanta. Mai Neman Bature yana leƙen ƙofar matuƙi, in ya hango jan kunne ya yi hamdala, bai san muryar da ke gaya wa jan kunnen inda zai bi a sararin Nijar ta ɗan Afirka ce ba, mai yiwuwa ma a makarantar EAMAC ta Yamai ya yi karatu. Hajiya Mai Rabon Gado kuwa tun saura mako ta raba kwalla da tukwane da akuyoyi. "Riƙe, ɗiyata, ba a san gawar fari ba." Bayan wata guda ta dawo da haƙorin Makka, ta aiki yaro gida-gida a ce aro ne. Akwai kuma wani mai rubutu a mujalla, sunansa ba shi da amfani a nan, wanda ya haddace miliyan 13.7 har yana karanta wa ƴan albasa, amma da jirgi ya shiga gargada sai ya ƙura wa ma'aikaciya ido. In tana ci gaba da zuba shayi, duniya lafiya. In ta zauna ta ɗaura ɗamara, sai ka ga ya damƙe hannun Alhajin da ke kusa, yana biya duk abin da ya rage masa na makarantar allo.

Sai Baba Mai Kundi, wanda ya sauke farali tun zamanin Air Afrique. Ba ya zuwa ban-kwana sai daren tafiya, kuma sai tsakar gida ta cika. "Kun tuna na Kano? 22 ga Janairu 1973, alhazai na dawowa, mutum 176. Na Tenere fa? Satumba 1989, bam, 170. Sarkin Musulmi Maccido, Oktoba 2006, daga Abuja za shi Sakkwato." Ba ya kuskuren ko rana ɗaya. Abin da ba ya cikin kundinsa shi ne a lissafin Barnett, tsakanin 1968 da 1977, ɗaya ne cikin 350,000, kuma tonon sanadin irin waɗannan haɗurra ne ya sauya dokoki da na'urori har aka kai inda ake yau. Ya gama, ya shafa fatiha, ya ce a sauka lafiya, ya ja sandarsa ya bar mata na sharɓe.

Duk waɗannan ina iya zama da su tabarma ɗaya. Wanda ke tayar min da rai shi ne Mai Ajali. Ba tsohuwar da ta miƙa lamarinta ga Allah ta ɗaura ɗamararta nake nufi ba, wannan ta fi mu duka hankali. Ina nufin mutumin da rayukan bayin Allah ke hannunsa, ya mai da ƙaddara mayafin sakaci. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani jirgi ƙirar DC-8, na kamfanin Nationair na Kanada da Nigeria Airways ya yi haya, ya tashi daga Jidda zai kawo alhazai Sakkwato, nan bayan ɗakinmu. Masu gyara sun san tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska. An nemi iskar da ake hura musu, ba ta samu nan take ba, mai kula da jigilar kuma bai yarda a makara ba. Tayoyin suka fashe tun jirgi na gudu a ƙasa, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutarsu. Matuƙa suka juyo, ba su kai ba. Mutum 261, babu wanda ya fita. Tabbas kwanansu ne ya ƙare. Amma akwai wanda aka nuna wa taya ya ce a tafi haka nan.

Ƙanensa na nan a tashoshinmu. Ka nuna masa taya ta suɗe har zare ya fito, ko birkin da sai an yi ta taka shi, ko direban da bai runtsa ba tun jiya, sai ya ɗaga murya don fasinjoji su ji: "Malam, ba ka da tawakkali ne? In kwana ya ƙare ko bisa gadonka kake sai ka tahi!" Nan take ka zama mai raunin imani, shi ya zama mai wa'azi, mata da goyo a baya suna kallonka kai mai ɓata wa mutane lokaci. Jirgin sama ya kai matsayin da ya kai ne don an tilasta wa mutane aiki mai gundura: a auna iska, a rubuta, wani ya sake aunawa, matuƙi ya huta awowin da doka ta yanka masa, ƙaramin makanike ya ce ba a tashi kuma a bi maganarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kakanninmu sun san wannan tun ayari na bin ƙafa zuwa Makka. Ran da Mai Ajali ya sake ce maka ba ka da tawakkali, ka tambaye shi abin da ya sa yake ƙirga kuɗin mota sau biyu kafin ya sa aljihu. A nan kam ban taɓa ganin ya bar wa ƙaddara ko dala ba.